Haulat Mai Buga Takardu da Kabarin da Ke Podlaskie

Duk wanda ya taɓa zuwa sakatariyar Ajingi neman takarda ya san shagon Haulat, ko da bai san sunanta ba. Ɗan ƙaramin shago ne a jerin waɗanda ke kallon ƙofar shiga, da kwamfuta ɗaya, injin kwafi ɗaya, sai benci mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo. Shagona na ɗinki bango ɗaya ne ya raba shi da nata, yau shekara goma sha ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Haulat ba mace ce mai daɗin sha'ani ba, kuma ita ma ta san haka. 'Yar malamai ce daga Gaya. Mahaifinta, Malam Dalhatu, yana da makarantar Islamiyya da ya gada a wajen nasa uban. Ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, ta je Wudil ta koyi kwamfuta. Abin da ta fi kowa da shi shi ne sanin hanyar takarda. Ka zo mata da matsala, kafin ka rufe baki ta gaya maka wannan daga mai unguwa ake farawa, wannan sai dagaci ya sa hannu, wannan kuwa ba na sakatariya ba ne, na kotu ne. Amma sai ka haɗiye baƙar magana kafin ka samu. Na taɓa ji ta ce da wani dattijo da ya kawo wasiƙa a cukuikuye, "Baba, wannan takardar ce ko a cikinta ka ƙunso ƙosai?"

Mijinta Mu'az ɗan Gafasa ne, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama, suna noman gero da gyaɗa, suna kuma riƙe da shanunsu. Ya yi difloma a kan lafiyar dabbobi. Mutum ne mai sanyi, wanda sai ka matso kusa kake jin abin da yake cewa. Yayansa Ɗantani kuwa daga bakin kasuwa ana jin muryarsa a tasha. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tun da uban ya rasu Ɗantani ya ɗauki shanu da gona tamkar shi kaɗai aka haifa.

Rigimarsu ta fara ne a kan kiwo. Mu'az ya ce burtali kullum ƙara tsukewa yake, gara a killace shanun, a ware wani sashe na gona a shuka musu ciyawa. Ɗantani ya ce boko ne ya ci masa kai, kuma ya san mai zuga shi, wato 'yar malaman nan da ba ta taɓa riƙe ƙwaryar tatsa ba. Abin ya zo ƙarshe wata ranar kasuwa. Ɗantani ya kai wata saniya kara, wato kasuwar shanu, zai sayar, Mu'az ya bi shi ya ce a gaban dillalai tana da ciwon huhu, bai halatta a ɓoye wa mai saye ba. Ɗantani ya ɗauke shi da mari, hularsa ta faɗi cikin kashin shanu. Mu'az ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya tafi. Tun daga ranar bai ƙara taka gonar ba.

Ya yi shekara guda yana yi wa dabbobi 'yan allurai a rugage, har wani abokin karatunsa ya haɗa shi da masu ɗaukar ma'aikata zuwa gonakin madara a ƙasar Poland. A shekarar 2022 ya tafi, ya bar Haulat da yara biyu, Jannat da Uwais. Ɗantani ya bi gari yana cewa ta sayar da ƙaninsa ga Turawa. Ita kuma duk wanda ya zauna a bencinta sai ya ji labarin marin.

Mako biyu da tafiyarsa ta buga taswirar inda yake a kan takarda huɗu, ta haɗa da salatif ta manna a bango. Lardin sunansa Podlaskie, ɗaya daga cikin larduna goma sha shida na ƙasar, can a kusurwar arewa maso gabas. Ta gabas yana iyaka da Belarus, ta arewa kuma da Lithuania, babban birninsa Bialystok. Ta ɗiga jan biro a kan ƙauyen da yake aiki. Idan ba kowa a shagon sai ta kira ni ta nuna mini koguna biyu, Narew da Biebrza, ta ce Mu'az ya ce fadamar da ke gefensu sai ka yini kana tafiya ba ka ga ƙarshenta ba, ga dazuzzuka masu duhu, ga shanu dabbare-dabbare ko'ina. Ya ce da hunturu agogonsu ɗaya da na Kano, amma ƙarfe uku da 'yan mintoci rana ta faɗi, sai ya ga la'asar da magariba suna neman haɗewa. Mai gonar ya gane ya san shanu, har ya bar masa kula da masu ciki. Haulat ta tabbatar wannan maganar ta isa Gafasa.

Wata safiyar Talata cikin Janairun 2024, tana tsaka da buga wa wani mutum takarda, wayarta ta yi ƙara. Mai kiran Bubayero ne, wani magidanci ɗan Adamawa da suke aiki tare da Mu'az, sun saba gaisawa da ita. Ta bangon na ji ta ce, "Ban gane ba, sake faɗa." Na ajiye ɗinki na tashi. Da na shigo na tarar da ita zaune a ƙasa, wayar na kan cinyarta, Bubayero yana ta salati. Bijimi ne ya matse Mu'az da bangon garke da sassafe. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Aka kai ta gidan mahaifinta a Gaya ta shiga takaba. Aka yi zaman makoki biyu, ɗaya a Gaya ɗaya a Gafasa, alhali gawa tana kwance a ɗakin sanyi a wata ƙasa. Bubayero ya ce hukuma za ta riƙe ta 'yan kwanaki don bincike, tunda a wurin aiki abin ya faru, daga nan sai iyali su nema.

A rana ta uku Ɗantani ya zo Gaya. Bai shiga ciki ba, a zaure ya tsaya ya ce wa Malam Dalhatu shi ne babba, kuma ya yanke hukunci a kawo gawar gida a binne ta kusa da ubansu. Malam ya ce masa cikin lumana sunna ita ce a gaggauta, a binne mutum inda ajali ya same shi, kuma ɗauko gawa daga can ba abu ne na mako ɗaya ko biyu ba, ba kuma abu ne da ƙarfinsu zai kai ba. Ɗantani ya ce a ƙasar arna? Ya ji ma ƙone gawa suke yi. Haulat tana bayan ƙyaure tana ji. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, wanda ya gaya maka haka bai san komai ba. Akwai Musulmi a lardin tun kafin a haifi kakan kakanka, da masallacinsu da maƙabartarsu."

Gaskiya ta faɗa. Bubayero ya gaya mata akwai wani ƙauye, Bohoniki, can wajen iyakar gabas, inda zuriyar wata ƙabila da ake kira Tatar suke, Musulmi ne shekaru ɗaruruwa, kuma sun yarda su ba da wuri idan takardu sun cika. Ɗantani ya ce shi ba ya magana da mace ta bayan ƙofa, ya kaɗa rigarsa ya fita.

Aka ɗauko mata kwamfutarta daga Ajingi aka ajiye a ɗakin da take takaba. Ta zaci tunda ta san hanyar takarda a nan, can ma ba zai gagare ta ba. Ta duba hoton katin zaman Mu'az, ta ga daga ofishin shugaban lardi ya fito, sai ta rubuta musu wasiƙa da Turanci, ta sa waya ta juya mata zuwa harshensu, ta tura. Kwana huɗu ta yi tana duba waya. Da amsa ta zo, cikin ladabi suka yi mata ta'aziyya, suka ce wannan ba huruminsu ba ne.

Ranar na je duba ta na same ta tana ta faɗa ita kaɗai. Ta ce ashe lardin shugabanni biyu gare shi. Ɗaya gwamnatin tsakiya ce ke turo shi, shi ke kula da irin su takardun baƙi. Ɗayan kuma majalisar lardi ce ke zaɓensa, shi ke ji da hanyoyi da ayyukan raya ƙasa. Ƙarƙashin lardi akwai abin da suke kira powiat, guda goma sha huɗu da birane uku masu cin gashin kansu, kamar dai ƙananan hukumominmu. Ƙarƙashinsu kuma akwai gmina, sama da ɗari. Ta ce ita ta raina gmina ne, ta ɗauke ta kamar mazaɓar Gafasa, ashe a can ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma ita ke binne wanda ba shi da kowa.

"Ni da nake gaya wa mutane kada su tsallake mai unguwa su tafi wajen hakimi," in ji ta, "ga shi na yi da kaina. Kwana huɗu yana kwance cikin ƙanƙara saboda wautata."

Ta rubuta wa gminar da ya rasu a cikinta. Washegari wata ma'aikaciya ta amsa. Ta ce suna buƙatar shaidar cewa ita matarsa ce, fassararriya a hannun tafintan da hukumarsu ta yarda da shi, tare da takardar wakilta Bubayero. Ta ƙara da cewa ba za a iya ajiye gawa ba iyaka ba. Idan ba a samu iyali ba, gmina za ta binne shi a maƙabartar garin.

Nan gizo ke saƙar. Auren Haulat a ƙofar gida aka ɗaura shi kamar na kowa, ba wanda ya rubuta komai, limamin da ya ɗaura kuma ya rasu. Ta aika kotu, aka ce ta zo ta yi rantsuwa da shaidu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga dangin miji. Wanda ya karɓar wa Mu'az auren kuwa Ɗantani ne. Malam Dalhatu ya aika masa sau biyu, ya ce ba ya zuwa. Aka nemi wani baffansu, aka tarar Ɗantani ya riga ya je ya gargaɗe shi.

Malam ya ce lalura ce, tana iya fita duk da takaba. Ni na raka ta Gafasa. Muka sami Ɗantani a tsakar gida yana gyaran igiya, mahaifiyarsu Inna Hanne tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, tsohuwa ce da ido ya fara yi wa nauyi. Haulat ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juya.

"Yaya, na zo ne a kan takardar nan. Hannu kawai za ka sa."

"Ba na sawa."

"In ba ka sa ba, hukumar can za ta binne shi ba wanka ba salla."

"To ki je ki hana su mana. Ba ke kika san hanyar ba? Ba ke kika manna ƙasar a bango kina nuna wa mutane ba? Ni ba zan sa hannu a binne ɗan'uwana a ƙasar da ban taɓa takawa ba."

"Ai kara ka santa, kuma a can ka mare shi."

Ya jefar da igiyar ya miƙe. Ya ce ita ce ta raba shi da ƙaninsa, ta shigo musu gida da girman kai da ɗan Turancinta, ta tura shi neman abin duniya don ta sa leshi. Ya ce yaran ma nasu ne, da ta gama takaba zai aiko a ɗauko su. Na ja mayafinta na ce mu tafi, ta fizge.

"Kai ka kashe shi, Yaya," in ji ta. "Bijimin ƙarasawa kawai ya yi."

Inna Hanne ta saki wani irin kuka da har yau nake jin sa. Matan gidan suka fito. Ɗantani ya nuna mana ƙofa, ya ce idan Haulat ta ƙara taka gidan sai an ɗauke ta. A hanya na ce mata wannan magana ba ta dace ba, musamman a gaban uwar da ta haife su. Ta ce ta sani. Na ce to ta aika a ba da haƙuri. Ta ce ba za ta aika ba, kuma har yau ba ta aika ba.

Washegari muka tafi kotu a Gaya da ƙanin mahaifinta, ko za a karɓi shaida ɗaya. Magatakarda ya ce shi ba zai iya ba, amma mu jira alƙali. Muna zaune a baranda har rana ta take, sai ga adaidaita ta tsaya. Inna Hanne ce ta fito tana dogara sanda, mai adaidaitar yana riƙe da hannunta. Ashe da Ɗantani ya fita gona ta ce wa matansa za ta je asibiti. Haulat ta tashi za ta tare ta, tsohuwar ta ɗaga sanda tsakaninsu.

"Kada ki taɓa ni. Ba don ke na zo ba."

Ta shiga gaban alƙali ta ce ita ta haifi Mu'az, ita ta kai lefen wannan yarinya da hannunta, ta faɗi shekarar da watan. Aka shafa mata tawada ta dangwala. Da ta fito ta goge yatsan a bakin zaninta, ta dubi inda take jin motsin Haulat ta ce, "'Ya'ya biyu na haifa maza. Ɗaya ya mutu, ɗayan kin kira shi mai kisan kai a gabana. Ki binne mijinki. Ni da ke kuma sai a lahira." Ta hau adaidaitarta ta koma.

Sauran aikin ya ci mako guda. Aka tura takardun, tafinta a Bialystok ya fassara, gmina ta ba da takardar mutuwa, aka saki gawar. Bubayero ya yi ta zirga-zirga tsakanin garke da ofis, domin maƙabartar tana wani powiat ne daban da inda suke aiki, tafiyar kusan awa biyu a mota. Mai gonar ne ya ɗauki nauyin motar gawa. Kullum Haulat tana kan waya tana yi wa Bubayero faɗa a kan ya makara ko bai ɗauki hoton takarda da kyau ba, shi kuma bawan Allah sai ya ce, "To, Maman Jannat, a yi haƙuri."

A rana ta goma sha tara aka binne shi, bayan azahar. Bubayero ya kira ta bidiyo ya riƙe waya, mu kuma muka taru a tsakar gidan Malam Dalhatu muna kallo. Ko'ina fari fat, dogayen itatuwa sun kewaye wurin, an haƙa kabarin da ƙyar saboda ƙasa ta daskare. Mutum bai fi goma sha biyu ba. Akwai limami da wasu dattawa fararen fata cikin manyan riguna, hayaƙi na fita daga bakinsu idan sun yi kabbara, sai mai gonar da ya tsaya can gefe ya cire hularsa. Malam Dalhatu ya matso da wayar kusa da kunnensa ya saurari karatun limamin, ya gyaɗa kai ya ce daidai ne. Haulat ba ta yi kuka ba sai da aka fara zuba ƙasa.

An aika wa Ɗantani tun da safe, bai zo ba. Ya tara mutanensa a Gafasa suka yi sallar gawa daga nesa. Da aka tambaye shi inda aka binne ƙaninsa sai ya ce bai sani ba, a tambayi wadda ta sayar da shi.

Da ta fita takaba ba ta jira ya aiko ɗaukar yara ba, ita ta riga shi zuwa kotu. Ta nemi riƙon 'ya'yanta, ta kuma nemi a fitar da rabon Mu'az na gadon ubansu, wanda ba a taɓa rabawa ba. Aka bar mata yaran. Shari'ar shanu ta ɗauki wata bakwai, Ɗantani yana cewa wasu sun mutu wasu an sace, ita kuma tana kawo makiyayan da suka san kowace saniya da kamanninta. A ƙarshe alƙali ya yanke, ya ce ya miƙa rabon marayu.

Ya miƙa, amma ta hanyarsa. Ranar kasuwar Ajingi, da hantsi, lokacin da layinmu ya cika da jama'a, ya koro shanun da kansa har ƙofar shagonta. Ya ɗaure su a turakun rumfarta, suka toshe hanya, suka ture benci, ɗaya ta zuba kashi a bakin ƙofata. Mutane suka taru. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ce, "Ga su nan, 'yar malamai. Sai ki buga musu ciyawa a kwamfuta."

Haulat ta gama takardar da ke hannunta tukuna, ta miƙa wa mai ita. Sannan ta fito ta zagaya shanun ɗaya bayan ɗaya tana duba hukuncin kotu. Ta buga takardar karɓa, ta kira mutum biyu daga cikin 'yan kallo suka sa hannu, ta miƙa masa kwafi ba tare da ta dube shi ba. Ya ƙi karɓa, ta sake ta ta faɗi a gabansa. Kafin la'asar wani kawunta mai kiwo ya zo daga Kademi ya kora su, kuma a wurinsa suke har yanzu.

Yanzu aikinta ya ƙaru. Duk wanda ɗansa ke wata ƙasa aka aiko masa takardar da ya kasa ganewa, daga Gaya ne ko daga ƙauyukan Ajingi, wajenta ake turo shi. Tambayar farko da take yi ita ce wane lardi, wace ƙaramar hukuma, kuma idan mutum ya ce bai sani ba sai ya sha faɗa kafin ta taimake shi. Inna Hanne ta rasu bara da damina. Haulat ta tura yaran ta'aziyya, ita ba ta je ba. Maganar gona kuwa tana gaban alƙali, an ɗage zaman sai bayan an cire amfani. A kotu benci ɗaya suke jira ita da Ɗantani, shi a wannan ƙarshen ita a wancan, ba mai gaishe da wani.